Sawun da Ya Shiga Kowane Aji

Da safen ranar da za a rufe bitar malamai aka buɗe akwatin, aka tarar babu kan a ciki. Audugar da aka shimfiɗa masa tana nan yadda take, murfin a rufe, ƙofar ɗakin gwaji kuma a kulle kamar yadda aka bar ta jiya. Ƙoƙon kan mutum ne na gaske, ba na roba ba, kuma kowa ya san haka, domin jiya da rana sai da ya zaga hannun malaman nan kaf.

Bitar ta koya wa malaman makaranta ilimin binciken laifi ce, don su riƙa sa shi a darasin kimiyya. An yi ta a lokacin hutu, babu yara, sai malamai da suka koma ɗalibai, suna rigima a kan kujerar gaba. Dokta, wata ƙwararriya kan ƙasusuwan mutane, ita ta aro kan daga makarantar likitoci bayan dogon roƙo. Makullin ɗakin gwaji kuwa yana hannun malamar kimiyya ta makarantar, kuma Hedimasta ya rantse ya maya cewa babu wani makulli bayan shi.

Kafin ka ce kwabo labari ya tsallake katanga. A cikin makaranta cewa ake kai ya ɓace. A bakin get cewa ake malamar kimiyya ta sayar wa matsafa kan mutum. Da ya kai bakin titi ya zama kawuna, har da wanda ya ce ya ga motar da ta zo ɗauka.

Mai-Sawu ya tarar da jama'ar tun daga nesa. Ya daɗe yana bi wa 'yan sanda sawun ɓarayi kafin ya ajiye aiki, shi ya sa aka gayyato shi ya ba malaman darasin sawu a bitar. Malamar kimiyyar kuma ƙanwarsa ce, autar gidansu, wadda ya goya a wuya. Ya kutsa ya shiga, ya same ta zaune a kan dakalin ɗakin gwaji, makullin a tafin hannunta tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Auta, kalle ni. Kin kulle?"

"Na kulle, Yaya. Na ma ja ƙofar na ji ta kama."

"Makullin ya bar hannunki?"

"A jakata ya kwana. Ka ji abin da suke faɗa a waje? Da wace fuska zan tsaya gaban yaran mutane in an dawo hutu?"

Sufeton da aka turo yana tsaye a inuwa yana fifita da hularsa. Mutum ne mai sanyin hali, sun yi aiki tare da Mai-Sawu a da.

"Oga, ni ba ni da matsala da kowa," in ji shi. "Amma in rana ta yi sanyi kan nan bai fito ba, da malama zan tafi. Ko don kada mutanen can su yi mata illa."

Mai-Sawu ya san duk wadda aka ɗauka a motar 'yan sanda a kan maganar kan mutum, ko gobe aka sake ta, sunanta ba ya dawowa tare da ita.

* * *

Ya juya ya dubi filin makarantar, nan take kansa ya ɗaure. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, irin ƙasar da mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Sai dai shi da kansa ya ɓata ta. A darasinsa ya raba malaman ƙungiya-ƙungiya, ya ce kowace ta shirya sawun ƙarya don ta ruɗa 'yar'uwarta. Malamai kuwa in ka ba su aiki ka ce za a duba, sai sun wuce gona da iri. Wasu sun yi tafiya da baya. Wasu sun yi musayar takalma. Wani ya ɗaure takalmi a hannu ya yi rarrafe. Ga ramukan da suka tona suna koyon haƙo ƙasusuwan roba, ga farin siminti da suka zuba a sawu ya bushe ko'ina.

A bakin ɗakin gwaji abin ya fi muni. Tun da aka ce kai ya ɓace, kowane malami ya tuna cewa shi ma yanzu mai bincike ne. Sun zagaye wurin da igiya, sannan duk suka shiga cikin igiyar, ƙafafunsu ɗaure da leda kamar yadda aka koya musu. Sun barbaɗe akwatin da baƙar hoda suna neman zanen yatsa, suka kuma samu, na kowa da kowa.

Wani sawu na ƙafa ba takalmi ya ɗauki hankalinsa. Ya tashi daga bayan ɗakin gwaji da dogon taku, ya miƙe har katanga, ga kuma laka a jikin bulo inda aka taka aka haura. Ya bi shi a tsanake, ya auna da tafin hannu, ya dawo yana tambayar wa ke da ƙafa mai girma haka.

Malamin wasanni, wanda kowa ke ce wa Koci, ya fito yana washe baki.

"Nawa ne, Oga! Ka ga har kai ya ruɗa? Wallahi na ce wa ƙungiyarmu mu za mu ci na ɗaya."

"Yaushe ka yi shi?"

"Ranar darasinka mana. Na haura, na zagayo ta get. Amma in shawara kake so, ka tambayi malamin tarihi. Tun farko yake ta ƙorafi a kan kan nan, kuma na lura yau yana yawan ƙifta ido. Dokta ta ce a riƙa lura da komai."

* * *

Malamin tarihi yana ofishin malamai yana shan ruwa kofi bayan kofi. Ido kam yana ƙiftawa, amma tabaraunsa ne ya karye.

"Na faɗa, kuma yanzu ma zan sake faɗa, bai dace ba," in ji shi. "Mutum ne fa. Amma in ɗauke shi? Ni? Malam, ko ɓera ya mutu a gidana matata ke fitar da shi."

"Me ya faru a darasin jiya?"

"Dokta ta ce mu gano ko na wane ne. Ta nuna mana haƙora, waɗanda suka fito da waɗanda ba su kai ga fitowa ba, da wuraren da ƙashin bai gama haɗewa ba. Muka yi ta gardama. Ƙarshe ta ce yaro ne, shekara goma sha biyu ko sha uku, kuma takardun da ya zo da su sun ce mace ce. Sai wancan sakaran Kocin ya kama muƙamuƙin yana motsawa, ya ƙanƙance murya ya ce, 'Ina nan, Malam,' kamar ana kiran suna a aji. Aka yi ta dariya. Ni dai fita na yi."

"Kowa ya yi dariya?"

"Oho. Na ce maka fita na yi."

A can lungun ofishin wata dattijuwa tana zaune, Malama Babba, wadda ta fi kowa daɗewa a makarantar, har Auta ma ta koyar. Ta ɗora wata babbar jaka a cinya ta rungume. Mai-Sawu ya rusuna ya gaishe ta, ya tambaya ko ta ga wani abu jiya.

"Ni ban iya wannan ilimin naku ba, ɗana," ta ce, idonta a ƙasa. "An ce kowa ya zo bita, na zo."

Ya so ya ƙara tambaya, sai aka kwaso hayaniya daga waje. Malaman lissafi biyu ne suka auna takun juna da rula, kowa ya tabbatar ɗayan ne ɓarawon.

* * *

Rana ta take. Mai-Sawu ya rasa inda zai sa kansa, ya bar filin ya hau barandar azuzuwa, ba don yana neman komai ba, sai don ya huta da muryar malamai. Tun da aka yi hutu ba a share azuzuwan ba, ƙura ta kwanta a kan siminti. Ya tura ƙofar ajin farko, ya tsaya cak.

Sawu ɗaya ne a ciki, na takalmi maras dunduniya, ƙarami, kuma mai shi yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya shiga, ya bi jikin bango har benci na ƙarshe, ya juyo ya fita. Aji na biyu haka. Na uku haka. Bai tsallake ko ɗaya ba, har ya kai ƙarshen baranda inda ɗakin gwaji yake, a nan ya ɓace cikin tattakin masu leda. A gefen ɗakin ya sake samun sa ya nufi get, amma takun ya gajarta, ya zagaye kududdufin da kowa ke tsallakewa, irin tafiyar wanda ya ɗauki abin da yake jin tsoron ya faɗi.

Farin ciki ya kama shi. Duk malaman sun san inda kan yake. Wanda zai bi ɗaki-ɗaki yana nema baƙo ne, in kuwa baƙo ne, Auta ta fita. Ya yi sauri ya kira Sufeto.

Yana cikin nuna masa ne ya durƙusa, murnar ta koma ciki. A ƙarƙashin sawun jiya akwai wani, irinsa sak, ƙura ta ɗan rufe shi. A ƙarƙashin wannan ma akwai wani, ya fi dushewa. Mutumin nan kullum yake wannan zagayen.

"To wane irin ɓarawo ne wannan?" in ji Sufeto. "Kullum ya zo ya nemi abu a ɗakin da ya duba jiya?"

"Kuma bai taɓa zuwa wajen kabad ba," in ji Mai-Sawu. "Bayan benci yake dubawa. Me ake ajiyewa a bayan benci?"

Sufeto ya ɗaga kafaɗa. Mai-Sawu ya bi sawun masu satar shanu, ya bi na masu fasa shago, kowanne ya san abin da mai shi ke so. Wannan kam ya karanta shi tsaf bai fahimci komai ba, abin ya ba shi haushi ƙwarai. Ya aika aka kira Auta, ya nuna mata. Ta dubi sawun, ta bi shi da ido har benci na ƙarshe, sai ya ga fuskarta ta sauya.

"Kin san mai shi."

"Yaya, bar wannan."

"In bar me? Mota na jiranki a waje, kina ce min in bari?"

Ta juya masa baya.

* * *

Mai-Sawu ya sa Hedimasta ya tara kowa a ofishin malamai. Dokta ta zauna gaba, ta yi zuru-zuru, domin ita ma ba ta san abin da za ta je ta faɗa wa masu kai ba. Koci ya zo da littafin rubutu a shirye.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Mai-Sawu. "Wa ke bin azuzuwa bayan an tashi, yana dubawa har bayan benci?"

Malaman makarantar suka yi dariya, har da Hedimasta.

"Haba Oga, wannan ai ba bincike ba ne," in ji Koci. "Malama Babba ce. Ba a kulle aji sai ta duba ko wani yaro ya yi barci a baya. Ko hutu ake, in dai ta shigo makaranta sai ta zaga. Mu har mun daina ganinta."

Dariyar ta mutu da kanta. Ɗaya bayan ɗaya suka waiga lungu, inda dattijuwar take zaune da jakarta a cinya. Tun safe ba ta ajiye ta a ƙasa ba.

Ba ta jira an tambaye ta ba. Ta zuge jakar, ta sa hannu biyu ta fito da wani abu naɗe a cikin ƙaramar rigar sanyi irin ta 'yan makaranta, ta taso da ƙyar ta ajiye a gaban Dokta.

"Ga ta nan. Ko ƙwarzane babu."

Hedimasta ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Malama, makulli fa?"

"Kafin a mai da shi ɗakin gwaji ajina ne. Ba wanda ya karɓi makullina, ba a kuma sauya kwaɗon ba." Ta dafa tebur. "Jiya na gama zagayena na zo wucewa, na leƙa ta taga, na ga akwatin shi kaɗai a kan tebur. Da ba ku faɗa ba, da shi ke nan, ƙashi ne. Amma kun ce yarinya ce, 'yar sha biyu. Sa'ar 'yan ajina ke nan. Kuma na ji ta amsa suna."

Koci ya sunkuyar da kai.

"Ba hauka nake ba, na san ta rasu tun ban san inda nake ba. Sai da na kai get, ƙafata ta ƙi fita. Ni tun da na fara aikin nan ban taɓa kulle yarinya a aji na tafi gida ba. Na ce bari in tafi da ita, da sassafe in mayar kafin kowa ya zo. Sai na rasa mota da wuri. Ina isowa na ji abin da ake faɗa a bakin get." Ta juya wajen Auta, hawaye na bin fuskarta. "Na so in yi magana, 'yata, tsoro ya hana ni. Ina zaune ina kallo ana cin mutuncinki. Ki yafe ni."

Dokta ta warware rigar, ta juya kan a hankali ta duba ko'ina, ta ce lafiyarsa ƙalau. Malama Babba ta tambaye ta sunan yarinyar. Dokta ta nuna wata lamba da aka rubuta da tawada a bayan ƙoƙon, ta ce iyakar abin da aka sani ke nan.

Sufeto ya sosa ƙeya. "Ni yanzu me zan ce an yi? Sata ce? Abin da aka ɗauka don a mayar, aka kuma mayar?"



* * *

Daga get ana jin bugun ƙarfe, mutane sun gaji da jira. Mai-Sawu ya miƙe, ransa fes a karon farko tun safe.

"Hedimasta, mu je a gaya musu wadda ta ɗauka, a wanke yarinyar nan a gaban kowa."

Auta ta riƙe masa hannun riga, ta ja shi baranda.

"Yaya, me za ka ce musu?"

"Gaskiya mana."

"Za ka ce wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta ta kwana da kan mutum a ɗakinta? Kana jin za su tsaya su ji maganar bayan benci? Mu da muka san ta ne kawai za mu gane. Su gidanta za su nufa."

"Ke kuma fa? In ba a ba su suna ba, naki za su riƙe."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ba yau kaɗai ba ne, Auta. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a ajinki sai an tuna."

"Ni ina da yaya, ina da miji, ina da ƙafar gudu," ta ce. "Ita wa take da shi?"

Haushi ya turnuƙe shi. Ya yini yana neman mai sawun nan don ya ceci ƙanwarsa, ya same ta, ga shi samun bai amfana masa komai ba. Ya leƙa ofis ya ga dattijuwar tana ninke rigar sanyin. Ya dawo da kallonsa kan Auta, ya ga ba za ta sauya ba.

Hedimasta ne ya hau dakalin mai gadi ya yi bayani. Ya ce an sami kan a cikin makaranta, bai je hannun kowa ba, kuskure aka yi wajen ajiya, kowa ya koma gida. Dokta ta ɗaga akwatin sama don a gani.

"Wa ya yi kuskuren?" wani ya yi ihu daga baya. "Mai-Sawu, kai ka bi sawu, faɗa mana!"

Duk ido ya dawo kansa.

"Sawun ya yi yawa," ya ce. "Ban iya rabewa ba."

Aka yi guna-guni. Wata murya ta ce dama me ake jira, ai yayanta ne. Ba a yi jifa ba, ba a taɓa kowa ba, jama'a dai suka dare gida biyu suka bar hanya, suna kallon Auta.

Ta rataya jakarta ta fita, yana bin ta a baya. Ba wanda ya gaishe ta. Can wajen ƙarshen layin wata yarinya 'yar ajinta ta saki hannun uwarta ta rugo da murna.

"Malama, ina wuni!"

Uwar ta fizgo ta da ƙarfi har yarinyar ta yi tuntuɓe, ta tura ta bayanta ta tare.

Auta ta tsaya. Ta yi murmushi, ta leƙa yarinyar ta gefen zanin uwarta.

"Lafiya lau, 'yata," ta ce. "Ki gama aikin hutunki, zan duba."